Dokar Littafi da Dokar Bakin Fili

A cikin duk abin da mutanenmu suke kallo, babu wanda ya kai ƙwallon ƙafa yawan masoya da ƙarancin masu sanin dokarsa. Je ka kowace fada a Damagaram bayan la'asar, za ka tarar da wanda zai lissafa maka ƴan wasan Real Madrid tun daga gola har na benci, ya gaya maka nawa aka sayi kowa. Tambaye shi ko ana satar gida daga jifa, sai ka ga ya ɗaga kofin shayi ya yi shiru. Na kusa da shi ya ce e, na can gefe ya ce a'a, a kaure da musu har shayin ya huce.

Aikina gabatar da shirin wasanni ne a wani gidan rediyo mai zaman kansa, kuma rabin shirin na masu bugo waya ne. Daga nan na gane cewa yawancin faɗan da ake yi a kan ƙwallo faɗa ne tsakanin dokoki iri biyu: wadda ke rubuce a littafi, da wadda muka taso da ita a lungu. Kowa yana da tabbacin tasa ita ce gaskiya, alƙalin wasa kuwa shi ke tsaye a tsakiya da usur a baki.

Ku dubi kokawa. Lokacin gasar takobi, tsohuwar da ke ƙauye da rediyonta a gefen murhu ba ta buƙatar kowa ya yi mata fashin baƙi. Da an ce an ka da wane, ta san abin da ya faru, domin dokar kokawa a gidanmu aka haife ta. Dokar ƙwallo baƙuwa ce. A birnin Landan aka fara rubuta ta a 1863, kuma har yau wata ƴar ƙaramar majalisa ce mai suna IFAB, wadda aka kafa a 1886, take riƙe da alƙalaminta. Ƙuri'u 8 ne a majalisar: Ingila da Sukotland da Wales da Arewacin Ireland kowa da ɗaya, FIFA na da 4, kuma sai da ƙuri'a 6 ake sauya harafi. Wato Afirka gaba ɗayanta, da Barazil da Ajantina, a cikin huɗun FIFA muke cunkushe. Wannan zance ne na wata rana. Abin da ya shafe mu yanzu shi ne, littafin babi 17 ne kacal, kuma kwafin da ke kan teburina na Faransanci ne. Kafin ya isa kunnen mai sauraro, sai ya bi ta bakina ya zama Hausa.

Wata rana wata dattijuwa ta bugo waya. Ta ce, "Ɗana, wannan jikan nawa kullum sai ya dawo da ƙafa a kumbure yana cewa alƙali ya cuce su. Ni dai ka gaya mini, mene ne ma abin da ake yi a filin nan?"

Na ce, "Inna, ki ɗauka gida biyu ne suna fuskantar juna, kowane da ƙofarsa a buɗe. Kowane gida ya fito da mutum goma sha ɗaya. Goma suna ƙoƙarin kai ƙwallo cikin ƙofar maƙwabci da ƙafa ko da kai ko da ƙirji, ɗaya yana gadin tasu ƙofar, shi kaɗai aka yarda ya sa hannu, shi ma a iya farfajiyar gidansa. Ana yin minti 45, a huta, a sauya gida, a ƙara 45. Wanda ya fi zurawa shi ya ci."

Ta yi dariya ta ce, "Au, iya abin ke nan ake wannan ihu?"

Iya abin ke nan, kuma duk sauran babukan hidima suke yi wa wannan. Ƙwallo ta fita ta gefe, wanda bai taɓa ta ƙarshe ba ya jefo ta da hannu biyu ta saman kai, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Ta fita ta bayan raga daga ƙafar mai kai hari, gola ya buga. Daga ƙafar mai gida ta fita, a ba baƙo bugun kusurwa. Ka yi wa mutum ƙeta, a ba shi bugun tazara, ku ja da baya mita 9 da santimita 15. Idan a cikin farfajiyar gidanka ka yi ƙetar, ya zama fenariti, daga kai sai mai tsaron gida, a tazarar mita 11. Waɗannan lambobi masu wutsiya asalinsu yadi ne na Turawan Ingila. Shi ya sa layin da mu nan muke kira na mita 16, ƴan'uwanmu na Kano da Katsina suke kiransa yadi na 18, alhali layi ɗaya ne, mita 16 da rabi. Na sha raba gardama a kan wannan tsakanin mai bugowa daga Matamai da mai bugowa daga Daura, kowa yana ganin ɗayan ne bai je makaranta ba.

Mu kuwa ba daga littafi muka koyi ƙwallo ba. A lungu muka koya, da takalma biyu a matsayin turakun raga, kuma lungu yana da nasa kundin. Bugun kusurwa uku, fenariti ɗaya. Mai ƙwallo ba ya zama a benci, idan kuma aka ɓata masa rai ya ɗauki abarsa wasa ya tashi. Tsayin raga shi ne iya inda hannun gola ya kai, saboda haka gajeren gola ya fi dogo riba. Babu agogo, kiran sallar magariba shi ne usur na ƙarshe, kuma wanda ya zura ta ƙarshe yana iya cewa su suka ci ko da ana bin su biyar. Ina son waɗannan dokoki, kuma a ganina akwai hikima a cikinsu, domin yara ne suka shirya wa kansu adalci ba tare da babba ba. Matsalar tana farawa ran da aka ja layi da farar ƙasa, aka kafa raga ta ƙarfe, aka sa kofi da rago, amma ƴan kallo suka zo da kundin lungu a ƙirjinsu.

Ɗauki maganar layi. A lungu, da ƙwallo ta hau layi an ce ta fita. A littafi, layin yana cikin fili, kuma ƙwallo ba ta fita ba sai dukkan jikinta ya tsallake dukkan kaurin layin, ko a ƙasa ko a sama. Haka ma cin raga. Ƙwallo zagayayya ce, gindinta yana iya zama a waje alhali cikinta yana leƙo kan layi. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar, Mitoma na Japan ya maido da wata ƙwallo daga layin baya, Tanaka ya zura ta a ragar Sifaniya. Duk wanda ya ga hoton farko ya rantse ta fita. Aka duba da na'ura aka ce ɗan gefenta bai gama tsallakewa ba. Japan ta ci 2 da 1, Jamus ta koma gida. A daren nan wayar shirinmu ba ta huta ba, kuma abin da na yi ta faɗa shi ne, ku ɗora tulu a bakin tabarma ku leƙa shi daga sama, za ku ga gindinsa a ƙasa amma cikinsa yana rufe bakin tabarmar.

Sai uwa uba, satar gida, wadda samarinmu ke kira orje da bakin Faransa. Sunan Hausar ya fi daɗi, amma yana da tarko, domin yana sa mutum ya ɗauka tsayuwar kanta ita ce laifin. Littafi ya faɗa ƙarara cewa tsayuwa a wurin satar gida ba laifi ba ne. Mutum yana iya zuwa ya jingina da turken ragar abokan hamayya ya yi hira da golansu, babu abin da alƙali zai yi masa, muddin bai sa kansa cikin wasan ba: bai taɓa ƙwallon ba, bai tare wa gola gani ba, bai hana wani kaiwa gare ta ba.

Bayyana wannan doka a rediyo, inda ba allo ba hoto, shi ne abin da ya fi ba ni wuya a aikin nan, kuma ga yadda nake yi. Ina ce wa mai sauraro ya tsayar da duniya cak a daidai lokacin da ƙwallo ta bar ƙafar mai bayarwa. Lokacin bayarwa ake dubawa, lokacin karɓa ba ya cikin lissafi. A wannan ƙiftawar ido sai ya yi tambaya uku game da wanda za a ba. Yana cikin rabin filin abokan hamayya? Yana gaban ƙwallo? Mutanen gidan da ke daidai da shi ko tsakaninsa da layin raga ba su kai biyu ba? Idan duka ukun e ne, ya saci gida. Idan ko ɗaya a'a ce, ya wuce abinsa. Mutum biyun nan galibi gola ne da ɗan baya na ƙarshe, shi ya sa jama'a suka ɗauka mutum ɗaya ake ƙirgawa. Ran da gola ya fito ya bar gida, sai lissafin ya rikice wa kowa, domin a ranar ɗan baya ɗaya bai isa ba. Da can ma mutum uku ake nema, sai a 1925 aka mai da su biyu, a 1990 kuma aka ce wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da ɗan baya bai saci gida ba.

Abin da ke sa ido ya yaudari ɗan kallo shi ne gudu. Ɗan gaba mai sauri yana tashi daidai da ɗan baya, kafin ƙwallo ta sauka ya ba shi taku biyar. Ɗan kallo idonsa na kan ƙwallo, sai da ta sauka ya ga yaro shi kaɗai a gaban gola, ya tashi yana ihu. Mai tuta a gefen fili shi an hore shi ya kalli layin ƴan baya, kunnensa kuma yana sauraren ƙarar bugun. Su biyun ba abu ɗaya suka gani ba, kuma kowannensu yana iya rantsuwa bai yi kaffara ba.

Akwai wurare uku da babu satar gida ko kaɗan: bugun gola, bugun kusurwa, da jifa. Wannan layi ɗaya ne a littafi, amma rashin saninsa na ga ya zubar da jini.

A wata gasar unguwanni ta babban hutu aka yi abin, wasan ƙarshe, ina bakin fili da na'urar ɗaukar murya. Alƙalin wani mushen lakkal ne, mutum mai sanyin hali, wanda ya yi kwas na alƙalanci da kuɗin aljihunsa, ladan da za a ba shi a ranar kuma jika biyu. Saura ƴan mintoci a tashi, babu wanda ya ci. Aka samu jifa kusa da kusurwa. Wani yaro ya lallaɓa ya tsaya bayan dukkan ƴan baya, aka wurgo masa, ya tare da ƙirji ya narka ta a raga. Mushe ya nuna tsakiyar fili. Abin da ya yi daidai ne ɗari bisa ɗari, kuma yaron ma da ganin yadda ya tsaya ka san wani ya koya masa. Amma bakin fili ya riga ya yanke nasa hukuncin. Aka shigo, aka yi ta turereniya, wani dutse ya samu mushe a goshi. A bayan babur aka kai shi ɗinki, rigarsa ta jiƙe. Ragon da aka ɗaure a gindin bishiya ma ban ga wanda ya tafi da shi ba, domin kowa ta kansa yake yi.

Da na je gaishe shi bayan kwana biyu, bai yi zancen ciwon ba. Cewa ya yi, "Ƙanena, abin da ya fi ƙona mini rai, a cikin masu zagina har da waɗanda na koya wa karatu." Ya rataye usur daga ranar. Shekarar da ta biyo, sai daga wata unguwa mai nisa aka nemo alƙali, shi ma da sharaɗin a ajiye masa babur kusa da fili, fuskarsa na kallon hanya. Tun daga nan na ware minti biyar a kowane shiri don doka ɗaya. Wasu masu sauraro suna ƙorafi, wai na cinye musu lokacin labarin Barcelona. Ina jin su, ban kuma daina ba.

Dokar hannu ita ce ta biyu wajen haddasa rigima, kuma a nan ina tausaya wa ɗan kallo, domin masu littafin da kansu sun yi ta sauya lafazinta a ƴan shekarun nan. Gindin maganar dai bai motsa ba: ba duk ƙwallon da ta taɓa hannu ce laifi ba. Laifi ne idan hannu ne ya je wa ƙwallo da gangan, ko mutum ya baje hannuwa ya ƙara wa jikinsa faɗi ba tare da motsinsa ya buƙaci haka ba. Kafaɗa ba hannu ba ce, hannu daga ƙasan hammata yake farawa. Ƙwallon da ta shiga raga daga hannun mai kai hari kuwa ba ta ciwuwa, ko da bai yi niyya ba.

Duk Bahaushen da ya kai shekaruna yana tuna daren 2 ga Yulin 2010. Ghana da Uruguay a Johannesburg, 1 da 1, minti na ƙarshe na ƙarin lokaci. Dominic Adiyiah ya sa kai, ƙwallo ta nufi raga, Luis Suarez ya sa hannu ya mare ta a kan layi. Alƙali ya ba shi jan kati, ya ba Ghana fenariti. Asamoah Gyan ya buga ta daki sandar sama. Uruguay ta wuce a bugun fenariti da 4 da 2. Har yau akwai masu ce mini alƙali ya cuci Afirka, me ya sa bai ba da ci ba tunda ƙwallon shiga za ta yi? Amsar ba ta da daɗi: littafi bai ba shi wannan ikon ba. Ƙwallon da ba ta tsallake layi ba, babu alƙalin da zai ƙirga ta. Mutumin ya ba da iyakar abin da doka ta tanada. Ni a ra'ayina dokar ce ta gaza a daren nan, domin mai laifi ya auna hukuncin ya ga ya fi masa araha. Amma wanda zai yi fushi ya san inda zai kai fushinsa, can wurin masu ƙuri'a takwas.

Kati kuwa labarinsa gajere ne. Wani alƙali Baturen Ingila, Ken Aston, shi ya kawo shawarar daga fitilun kan titi, aka fara amfani da su a gasar duniya ta 1970 a Meziko, don ɗan wasan da ba ya jin yaren alƙali ya gane da ido. Rawaya gargaɗi, biyu su zama ja, ja kuma fita ba musanya. Idan kora ta yi yawa har ƙungiya ta gaza mutum 7, wasa ya tsaya. Wani abin da sabon ɗan kallo ke ɗauka son kai ne shi ne ya ga an yi ƙeta ƙarara, alƙali ya miƙa hannuwa gaba ya ƙi busawa. Dama ce ya bar wa wanda aka cuta, domin tsayar da wasa a lokacin mai ƙetar zai amfana. Katin yana nan yana jiran mai shi idan ƙwallo ta tsaya.

Agogo ma a hannun alƙali yake, minti 90 na allon talabijin ba ya ɗaure shi, shi ke ƙara abin da aka ɓata. Ba na cewa alƙalai ba sa kuskure. A gasar Afirka da aka yi a Kamaru a Janairun 2022, Janny Sikazwe na Zambiya ya busa tashi a minti na 85 tsakanin Mali da Tunisiya, aka dawo, ya sake busawa kafin 90 ta cika. Wannan kuskure ne na gaske, kuma wanda ya san doka shi ya fi kowa iya nuna shi da yatsa. Littafin kuma ba ya zama wuri ɗaya. A 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan gidansu ya mayar masa da ƙafa da gangan. Canji ya tashi daga 3 zuwa 5. A 2025 aka ce golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, a ba abokan hamayya bugun kusurwa. Wanda ya tsaya a kan abin da ya sani tun yana yaro, da dokar da ta mutu yake musu.

Kada kuma a ɗauka rashin karatun nan ciwon talakan bakin fili ne kawai. Mu ƴan Nijar mun fi kowa sanin haka, domin da shi muka fara zuwa gasar Afirka. A neman gurbin gasar 2012, Mena tana rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Yaran Harouna Doula sun cinye duk wasanninsu uku na gida a filin Seyni Kountché: Masar 1 da nema da ƙwallon Moussa Maazou, Saliyo 3 da 1, Afirka ta Kudu 2 da 1. A waje kuwa duka ukun an doke mu. Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoban 2011, Masar ta zuba mana 3 a Alƙahira. A daidai lokacin Afirka ta Kudu tana wasa da Saliyo a Nelspruit. Labari ya kai musu cewa Nijar na shan kashi, suka yi lissafi: kowa zai tashi da maki 9, su suna da rarar ƙwallo 2, mu ana bin mu 2, canjaras ya ishe su. Mai horar da su, Pitso Mosimane, ya juya wasan zuwa tsaron gida. Aka tashi babu ci, ƴan wasa suka yi ta rawa a fili, ƴan kallo na busa vuvuzela.

Ƙa'idar gasar ta CAF kuwa ba rarar ƙwallo ta sa a gaba ba. Cewa ta yi, idan maki ya zo ɗaya, a fara duba sakamakon wasannin da masu kunnen dokin suka yi a tsakaninsu. Da aka cire Masar daga lissafi, Nijar na da maki 6, Afirka ta Kudu 5, Saliyo 5. Ƙasar da ta karɓi baƙuncin gasar duniya shekara ɗaya kafin nan, da ofisoshinta da lauyoyinta, ta yi rawa a kan gurbin da ba nata ba. Mu a nan mun kashe rediyo da baƙin cikin 3 da nema, sai ga ƙahon babura ya cika gari.

Mena ta tafi Gabon a Janairun 2012. Mai masauki ta ci mu 2 da nema, Maroko 1 da nema. A tsakaninsu aka yi wasa da Tunisiya a Libreville, aka tashi 2 da 1, kuma ɗayar nan William N'Gounou ne ya zura ta, ƙwallon Nijar ta farko a tarihin gasar.